XAMPP ko Laragon, ko kuwa sai Docker? Amsa ga ɗan uwanmu mai furojet

Salam 'yan uwa. Wani ƙaninmu a nan ya yi tambaya jiya, ya ce yana furojet ɗin shekarar ƙarshe da PHP, laftop ɗinsa ram 4GB ne, MySQL na XAMPP ya daina tashi sai jan rubutu yake nuna masa "MySQL shutdown unexpectedly", abokansa wasu sun ce ya goge ya koma Laragon wasu kuma sun ce ai yanzu Docker ake yayi (duka ukun manhajoji ne da ake amfani da su wajen gudanar da shafin yanar gizo da databes ɗinsa, wato ma'ajiyar bayanai, a kan kwamfutar mutum). Wanne zai ɗauka?

Ƙanena kafin komai don Allah kar ka goge XAMPP ɗin nan tukuna. Duk tebura da bayanan furojet ɗinka suna cikin C:\xampp\mysql\data, idan ka cire manhajar cikin fushi ka share foldar to aikin watanni ya tafi, kuma Laragon ba zai dawo maka da shi ba. Wannan matsalar yawanci wuta ce ke jawo ta, batirin laftop ya mutu ana aiki da caja a jiki, aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu ɗif alhali MySQL yana tsakiyar rubutu, ko kuma mutum ya saba rufe murfi ya tafi masallaci bai danna Stop ba har caji ya ƙare. Sai fayilolin ciki su lalace. Ga yadda ake ceto shi mafi yawan lokuta: ka rufe XAMPP gaba ɗaya, ka canza sunan foldar data zuwa data_old, ka buɗe sabuwar folda mai suna data, ka kwafo duk abin da ke cikin C:\xampp\mysql\backup ka zuba a ciki. Daga nan ka koma data_old ka kwafo foldar databes ɗinka kawai, banda mysql da performance_schema da phpmyadmin, sannan ka ɗauko fayil ɗin ibdata1 na tsohuwar ka danne na sabuwar da shi. Wannan ibdata1 ɗin shi mutane ke mantawa, sai su buɗe phpMyAdmin, shafin da ake duba databes da shi, su ga sunayen tebura amma da sun danna a ce musu teburin babu shi. Idan ya tashi, abu na farko ka yi Export ka ajiye fayil ɗin .sql a filash ko a imel ɗinka. Idan bai tashi ba ka buɗe mysql_error.log ka turo mana layukan ƙarshe mu duba.

To yanzu kwatancen.

XAMPP tsohon hannu ne, Apache Friends ke yin sa, yana aiki a Windows da Linux da Mac, ka saka aikinka a htdocs ka buga localhost/sunan folda shi ke nan. Babban ƙarfinsa shi ne kowa ya san shi. Malaminka shi ya sani, bidiyon koyarwa na YouTube kusan duk da shi ake yi, kowace matsala ka kwafa ka saka a Google za ka tarar dubban mutane sun riga ka shiga ramin. Ranar difens, wato ranar kare furojet a gaban malamai, idan abu ya tsaya akwai wanda zai iya taimaka maka a ɗakin, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rauninsa kuma PHP ɗaya tal yake zuwa da ita, kuma rabon da su fitar da sabo na Windows tun ƙarshen 2023 da PHP 8.2.12, idan kana son wata PHP ɗin sai dai ka yi ta ɗinke-ɗinke da hannu ko ka saka XAMPP biyu. Sannan abin da aka rubuta MySQL a jikin XAMPP a gaskiya MariaDB ce, wata manhajar databes da ta samo asali daga MySQL, tun 2015. Ga kuma php.ini, fayil ɗin saitin PHP, da wasu abubuwa ke zuwa a kashe, da ka ce Composer (mai sauko da kayan aikin PHP) ya ɗauko maka Laravel (wani shiryayyen tsarin gina shafi da PHP) sai ya fara ƙorafin zip, dole ka buɗe fayil ɗin ka cire alamar ; da ke gaban extension=zip, haka gd da intl idan aikinka na buƙata, ka kashe Apache ka sake kunnawa.

Laragon shi Windows kaɗai yake yi, amma ni dai a ganina ya fi daɗin zama nesa ba kusa ba. Ka ƙirƙiri folda mai suna makaranta a C:\laragon\www ka sake kunna shi, da kansa zai ba ka adireshin makaranta.test, shi zai rubuta a fayil ɗin hosts na Windows, kai dai ka amince idan ya nemi izinin admin. Ga mai Laravel ma yana gane cewa foldar public zai nuna, ba sai ka yi ta fama da localhost/makaranta/public ba. Inda ya fi burge ni shi ne canza PHP, ka sauke zip ɗin PHP ta Windows, mai Thread Safe saboda Apache, ka warware shi a C:\laragon\bin\php, ka danna dama a jikin Laragon ka zaɓa, an gama. Wanda ke riƙe da tsohon shafin wani kwastoma a PHP 7.4 kuma yana sabon aiki a 8.3 ya san darajar wannan. Cikakkensa yana zuwa da Composer da Node da Git da HeidiSQL, kuma ba ya cin ram sosai.

Amma akwai abu biyu da abokan naka ba su faɗa maka ba. Daga Laragon 7 sun shigo da maganar lasisi, idan ba ka da shi zai riƙa fito maka da tunatarwa. Na 6 kyauta ne amma da PHP 8.1 yake zuwa, Laravel 11 kuwa sai 8.2 zuwa sama, kenan sai ka ƙara PHP da kanka kamar yadda na faɗa. Idan sabuwar PHP ɗin ta ƙi tashi tana maganar VCRUNTIME140.dll, Visual C++ Redistributable na Microsoft za ka sauke ka saka. Na biyun ya fi cizo: Laragon MySQL 8 na asali yake zuwa da shi, masu hostin (kamfanonin da ke ajiye shafi a intanet) da yawa kuma MariaDB suke ba ka a cPanel, sai ka zo ɗora aikinka ka ga "Unknown collation: utf8mb4_0900_ai_ci". Maganinsa ka buɗe fayil ɗin .sql ka mayar da duk inda aka rubuta hakan zuwa utf8mb4_unicode_ci. Kuma tun farko ka ƙirƙiri databes ɗinka da utf8mb4 a ko wanne kake, idan aka bar shi a latin1 sunaye irin su Ɗanladi da Ƙofar Mata za su koma alamar tambaya a shafinka.

Kar kuma ka ɗauka Laragon ya fi ƙarfin ɗauke wuta, duk databes ɗin da aka kashe wa kwamfuta yana tsakiyar aiki zai iya samun matsala. Kuma XAMPP da Laragon dukansu fot 80 da 3306 suke nema, wato ƙofofin da Apache da MySQL ke amfani da su a kwamfuta, don haka idan za ka saka su tare sai ka tsayar da ɗaya kafin ka kunna ɗayan. Idan Apache ya ƙi tashi a ko wanne, buɗe cmd ka rubuta netstat -ano | findstr :80 ka ga lambar wanda ya tare wurin, idan 4 ce to yawanci IIS ne, takwaran Apache na Windows, ka shiga services.msc ka tsayar da World Wide Web Publishing Service. Ko kuma ka canza Listen 80 zuwa Listen 8080 a httpd.conf ka riƙa shiga da localhost:8080.

Docker kuwa abu ne mai kyau kuma za ka buƙace shi idan ka fara aiki da tawaga, amma ba a ram 4GB ba. Sai ka kunna virtualization a BIOS, ka saka WSL 2 mai gudanar da Linux a cikin Windows, sannan imej da yawa (ƙunshin manhaja da Docker ke saukewa) ɗaruruwan MB ne daga datarka, laftop ɗin zai yi ta huci kafin ka rubuta layi ɗaya. Ka bar shi sai bayan difens.

Shawarata a gare ka kai tsaye: tunda furojet ɗin ya riga ya yi nisa a XAMPP, ka gyara shi ka ƙarasa a nan, canza gida ana saura 'yan makonni babu riba. Duk ranar da ka yi aiki ka yi Export kafin ka rufe, ka danna Stop a MySQL kafin ka kashe kwamfuta, in da hali ka canza batirin nan. Sabon aiki na gaba, musamman idan Laravel ne ko WordPress, ka fara shi a Laragon. Ka gwada gyaran data ɗin yau ka gaya mana abin da ya nuna. Allah ya ba da sa'a.