Gargaɗi ga masu neman rumbun waƙa na dijital: yadda aka sayar wa kawuna fankon akwati

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, domin maganar ta shafi kawuna, ƙanin mahaifiyata, kuma shi mutum ne mai gudun a yi da shi. Amma shekaranjiya na sake cin karo da tallan da ya jawo mana wannan abin. Hotunan su ne dai, bayanin shi ne dai, suna da lambar waya kawai aka canja. Da na nuna masa sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Rubuta, ɗana. Kada wani ya faɗa ramin da na faɗa."

Kawu tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya a Kaduna. Tun yana saurayi kuɗinsa a kayan sauti suke ƙarewa. A falonsa akwai amfilifaya da ta girme ni, da dogayen lasifika biyu, da kabad cike da fayafayan garmaho da kaset da sidi. Shi ba ya kunna kiɗa don ya cika ɗaki da hayaniya. Zama yake yi a kujera ɗaya bayan sallar isha'i, ya lumshe ido, ya ce maka ka ji yadda mai kalangu ke amsa wa mai goge. Da shekaru suka ja, tashi a canja faifai ya fara yi masa wuya, sai ya fara sha'awar na'urar da 'yan kasuwa ke kira miyuzik saba, mu kuma a gida muke ce mata rumbun waƙa.

Ga wanda bai san ta ba, kwamfuta ce da aka ƙera don aiki ɗaya tak. Tana ajiye waƙoƙi a ma'ajiyarta, ta tsara su, ta miƙa su ga na'urar DAC mai mayar da lambobi zuwa sauti, kai kuma kana zaune kana zaɓe daga wayarka. Akwai kamfanonin da suka yi suna a kanta: Aurender na Koriya ta Kudu, Innuos na Fotugal, Melco na Japan, Antipodes na Niyu Zilan, Lumin na Hon Kon, Naim na Ingila. Farashinsu ya bambanta ƙwarai. Nucleus One da kamfanin Roon ya fitar a 2024 dala 499 ne, shi kuwa Extreme na Taiko Audio da ake ƙerawa a Holan ya haura dala dubu 20. Abin da ya sa 'yan damfara suka so wannan haja shi ne, daga waje da yawansu kamarsu ɗaya: akwatin ƙarfe mai santsi, ɗan fitila ɗaya a gaba, ramukan wayoyi a baya. Mota ana buɗe bonet a duba inji. Wannan kuwa mutum zai biya miliyoyi ya ɗora a kan kanta, har ya mutu bai taɓa kwance noti ɗaya ba.

A wani dandalin sayar da kayan hannu Kawu ya ga tallan. Mai kayan ya ce ya dawo daga Ingila ne, zai sake komawa, yana rabuwa da kayan gidansa cikin gaggawa. Na'urar na ɗauke da tambarin ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan, ba zan faɗi wanne ba tunda ba su da laifi, sunansu aka ara. Kuɗin da ya nema bai kai kashi ɗaya cikin uku na farashin sabuwa ba. Ya ce akwai ma'ajiya mai terabait 8 a ciki, cike da waƙoƙi masu ingancin situdiyo, ga kuma lasisin har abada na manhajar Roon, wadda ake biya don tsara waƙoƙi da kunna su, a matsayin gyara.

Mutumin ya iya baki, wannan dole in faɗa. Kwana huɗu suna hira da Kawu bai ambaci kuɗi ba. Sai "Baba, ranka ya daɗe, wace irin lasifika gare ka?" Sai "Baba, ai kunne irin naka bai kamata a bar shi da waƙar waya ba." Da Kawu ya ce zai turo ni in gani da ido, sai ya ce kayan suna Legas, shi kuma yana Abuja wajen neman biza, amma yaronsa zai sa a mota. A ba da kafin alƙalami kawai don kada wani ya riga, domin akwai wani Alhaji da ke ta matsa masa. Kawu ya tura rabi. Bayan kwana biyu aka ce akwai ragowar kuɗin kwastan da ba a biya ba. Wane kwastan kuma a kan kayan da aka ce sun shekara a cikin ƙasa? Kawu ya yi wannan tambayar a ransa, amma rabin kuɗinsa na hannun mutum, sai ya biya. Asusun da aka ba shi a karo na biyu ma sunan wata mata ne daban, aka ce matar yaron ce.

Ni ban ji labarin ba sai ranar da za a ɗauko kayan a tasha. Na ji haushi, amma da na ɗaga kwalin na ji nauyi, ni ma raina ya ɗan kwanta. Kuma na'urar ta kama aiki. Fitila ta kawo, waya ta gan ta, waƙa ta fito. A nan ne wannan damfarar ta fi ta masu karɓar kuɗi su yi layar zana muni, domin kaya sun iso, Kawu ya cika ragowar kuɗi da hannunsa, har da addu'a.

Abin da ke ci mini rai ya faru ne a makon da ya biyo baya. Shekaru biyu kafin nan, ni da Kawu mun ɓata watanni muna juye tsofaffin kaset zuwa tsohuwar kwamfutarsa. Wasu nasa ne, wasu aro ya yi daga abokai, mun juye mun mayar. A ciki akwai kiɗan bikinsa, akwai kaset ɗin da marigayi kakana ya aiko masa da saƙon murya lokacin yana karatu, wanda zaren ya tsinke a juyi na ƙarshe. Da Kawu ya ga yana da terabait 8, sai ya sa jikansa ya kwashe komai ya zuba a sabon rumbu, ya goge tsohuwar kwamfutar ya ba yaron kyauta. Bayan kwana biyu ya danna muryar mahaifinsa, ba ta buɗe ba. Sunan fayil ɗin na nan, girmansa na nan a rubuce, ciki babu komai.

Muka ɗauki akwatin zuwa wurin wani mai gyaran kwamfuta da na daɗe da sani. Ya shimfiɗa tsumma a kan tebur, ya kwance notuna shida, ya ɗaga murfin. Ba zan manta da fuskar Kawu ba. Kusan duk cikin akwatin fili ne. A kusurwa ɗaya an manne ɗan allo da bai fi katin banki girma ba, wato 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4, wanda ya fito a 2019 ana sayar da ƙaraminsa dala 35. A ɗaya gefen an liƙa guntun ƙarfe guda biyu da gam, an fesa musu baƙin fenti. Su ne nauyin da ya kwantar mini da hankali a tasha. Rabin ramukan da ke baya ba su haɗu da komai ba. Ma'ajiyar kuwa, da ya ɓare kwanon robarta, ɗan katin memori ne irin na waya a ciki.

Kawu ya ce, "Malam, to ina muryar Baba?" Mai gyaran ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Ba ta taɓa shiga ba."

Ya yi mana bayani. Ana sauya bayanin da ke cikin ɗan guntun da ke sarrafa ma'ajiyar, ta yadda za ta gaya wa kwamfuta cewa girmanta terabait 8 ne, alhali ainihin wurin ajiyar ɗan kaɗan ne. Kwamfuta ba ta musu, tana ta zubawa. Idan wurin gaskiya ya cika, abin da ya biyo baya ko dai ya bi iska ko ya hau kan na farko ya shafe shi, sunayen fayiloli kuwa suna nan reras a jere. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika ma'ajiya da bayanai sannan ta karanta su, ta faɗi girman gaskiya. Da mun yi wannan gwajin a ranar farko, da tsohuwar kwamfutar na nan da kayanta. Mun yi ƙoƙarin ceto wani abu daga cikinta, amma yaron ya riga ya zuba sabon tsarin aiki da wasanni a kai, kaɗan muka samu.

Waƙoƙin "ingancin situdiyo" su ma ƙarya ce. Sunansu na ƙarewa da FLAC, wato tsarin da ke matse waƙa ba tare da zubar da komai ba, amma asalinsu MP3 ne aka sauya musu riga. Mai gyaran ya buɗe ɗaya a manhajar Spek, mai zana hoton sauti. Sautin sidi na gaskiya yana iya kaiwa kilohaz 22, wato ma'aunin yadda sauti ke hawa sama. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yakan yanke a wajen 16, mai 320 a wajen 20, kuma yankewar a miƙe take kamar an sa reza. Duk wadda muka buɗe, a 16 ta tsaya. Sai dai wanda zai yi wannan gwaji ya yi shi da waƙar da aka ɗauka a zamanin nan, domin tsohon kiɗan garmaho da na kaset dama can ba su da sautin sama sosai, kada a zargi mai gaskiya.

Lasisin Roon ɗin ma mafarki ne. Lasisin yana rataye ne da asusun mutum da adireshin imel ɗinsa, ba a cikin akwati yake ba. Wanda ya ce ya haɗa maka da shi amma imel ɗin na hannunsa, duk ranar da ya ga dama zai canja kalmar sirri. Mu ko wannan ba mu samu ba, manhajar kyauta ce ke tafiyar da allon, an canja mata hoton farko kawai.

Ina so a fahimce ni a nan. Raspberry Pi ba abin banza ba ne. Mutane da yawa a duniya suna haɗa shi da manhaja irin su Volumio ko moOde suna jin kiɗa mai daɗi, kuma wanda ya sayar maka da shi da sunansa a kan farashinsa bai cuce ka ba. Zambar ita ce tambarin da aka manna da kuɗin da aka karɓa. Kuma da mun san abu ɗaya, da asirin ya tonu cikin minti biyar. Da yawa daga manyan kamfanonin nan suna da manhajar wayarsu, Aurender na da Conductor, Innuos na da Sense. Ka sauke ta da kanka daga Play Store ko App Store, ka ga ko za ta gane na'urar. Mutumin nan adireshi ya turo wa Kawu ya ce ya buɗe a burauza, wai manhajar kamfanin "ba ta aiki a Najeriya".

Wanda ke shirin sayen irin wannan na'ura a hannu, ya nemi hoton bayanta inda lambar siriyal take, tare da takarda a gefe da aka rubuta sunan mai saye da kwanan watan ranar da hannu. Mai hotunan sata ba zai iya ba, zai fara kawo uzuri. Sannan a aika lambar ga kamfanin ta adireshin da ke shafinsu, a tambaye su ko tasu ce. A nemi kiran bidiyo ana kunna ta. A duba wutar da aka rubuta a baya, domin ta Amurka 120 ce, ta Japan 100, tamu 230, kuma wasu daga cikin manyan na'urorin nan taransifomarsu ba ta sauya wuta da kanta, sokawa ɗaya ta ƙone. Idan daga waje ake saye ta PayPal kuma mai kaya ya ce a tura ta hanyar 'yan uwa da abokai don a guje wa caji, a sani cewa wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. A gida kuwa, ni dai ba zan ƙara yarda da cinikin biri a sama ba: ko in je da mai gyara a buɗe murfi a gabana, ko in haƙura. Mai kayan gaskiya da zai karɓi miliyoyi ba zai ƙi a kwance noti shida ba.

Mun je banki, amma mun makara, mako biyu sun wuce kuma an kwashe kuɗin tun ranar da suka shiga. Mun kai rahoto ga 'yan sanda, mun rubuta wa EFCC, mun haɗa da hotunan hirar da rasit ɗin tiransifa da lambobin asusun biyu. Wanda abin ya same shi ya kira bankinsa a ranar, kuma kada kunya ta sa ya goge hirar. Bayan 'yan kwanaki wani ya kira Kawu ya ce shi jami'i ne, an kama mutumin, a turo kuɗin buɗe fayil a dawo masa da dukiyarsa. Wannan karon Kawu ya miƙo mini wayar. Da na tambayi ofishin da zan same shi, sai ya kashe.

Tallan da ke yawo yanzu ga alamominsa: na'ura mai launin azurfa a kan jan kafet, labarin komawa Ingila cikin gaggawa, terabait 8 cike da waƙa, lasisin har abada kyauta, da wani Alhaji da kullum yake gab da biya. Wanda ya gan shi ya danna maɓallin kai ƙara a dandalin, ya kuma gaya wa dattawan gidansu masu son kiɗa, domin su ake nema. Mu kuma mun koma bin abokan Kawu gida gida muna sake aron kaset. Na bikinsa mun samu a wurin wani amininsa a Zariya. Na kakana shi kaɗai ne dama, kuma zarensa ya tsinke.