Satifiket ɗin intanet: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kafin ka zaro kati ka biya kuɗin wani kwas a intanet, fara sanin wanda zai duba takardar da za a ba ka.

Idan aikin gwamnati kake hange, inda ake neman digiri baƙi da fari, babu satifiket ɗin shafukan koyar da kwasa-kwasai a intanet, irin Coursera ko edX, da zai tsaya maka. Nan sai ka nufi Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ko cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya, waɗanda hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da su. Shekaru za ka yi, amma takardar za ta shiga fayil.

Satifiket ɗin kammala kwas shi ne mafi sauƙi. Coursera da edX duk a 2012 suka fara, Google kuma ya fito da nasa na gyaran matsalolin kwamfuta a shafin Coursera a 2018. Ana koyon abu sosai. Sai dai na Google wata-wata ake biya, ga dala ta yi tsada, duk watan da ka yi sanyin jiki aljihunka zai ji. Cike fom ɗin neman tallafi na Coursera kafin ka biya ko sisi. Raunin irin wannan satifiket shi ne yawanci babu mai tsaron jarrabawa, kana iya maimaita gwaji har ka ci, kuma masu ɗaukar aiki sun san haka.

Ni dai, ga mai son sana'ar haɗa kwamfutoci da gyaransu, jarrabawar ƙwararru nake fifitawa, irin CCNA ta kamfanin Cisco ko A+ ta ƙungiyar CompTIA. A cibiyar kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ake rubutawa, ko a gida kyamara tana kunne. Mai tsaro zai duba katin shaidarka, ya sa ka ɗauki hoton ɗakin, ka share teburi tas, ko leƙowa wani ya yi ana iya soke jarrabawar. In ka faɗi, kuɗin ya tafi. Wannan tsananin ne ya ba takardar daraja. Ka dai sani bayan shekara 3 sai an sabunta ta.

Akwai kuma MicroMasters na edX, wato jerin darussa na matakin digiri na biyu, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fara. Wasu jami'o'i na lissafa shi cikin darussan digiri na biyu, amma ba ya ba ka gurbin karatu kai tsaye, sai ka nema an ɗauke ka. In ba ka da niyyar ƙarasa digirin, tsadarsa ta fi amfaninsa. In kana da ita, rubuta wa jami'ar da kake so ta tabbatar maka a rubuce cewa tana karɓarsa kafin ka yi rajista.