Ɗakin shan magani na kwalejinmu, da Dada mai kula da shi

Ƙanwata ta fara karatu bana a kwalejin da na gama a nan Marwa ta ƙasar Kamaru. A watan Oktoba zazzaɓi ya kayar da ita, na ɗauke ta a babur zuwa ɗakin shan magani na makarantar. Benci na nan a gindin dalbejiya inda na bar shi, nas ɗin ma ita ce dai, sai furfura da ta leƙo ta gefen ɗankwali. Duk ɗalibai Dada suke ce mata, wato uwa da Fillanci, har ma da 'yan kudu da Faransanci kawai suke ji.

Dada ba ta ba da maganin maleriya da ka. Ta goge yatsar yarinyar da auduga, ta soka, ta ɗiga jinin a ɗan farin allon gwaji, ta ajiye agogonta a gefe. Cikin minti 15 layi biyu suka fito, alamar maleriya ce. Ta ɗauko maganin maleriya na Coartem, ta zana rana da wata da biro a jikin kwalin: ƙwaya 4 da safe, 4 da dare, kwana 3, amma shan farko da na biyu a bar awa 8 tsakani. Ta ce, "'Yata, ki sha da madara ko abinci mai maiƙo, shi ke sa jiki ya karɓe shi. Ko kin ji sauƙi gobe, ki shanye." Sai ta juyo gare ni: "Ɗana, tana da gidan sauro?" Na sunkuyar da kai. Ranar na saya.

Ban manta da 2010 ba, shekarar da kwalara ta yi ɓarna a yankinmu na Arewa Mai Nisa. Ita ta ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar wurin cin abinci, tana tsaye tana kallon hannun kowa. Ta koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari, leda ɗaya cikin lita ɗaya. Wani ɗan ɗakinmu ya fara gudawa da tsakar dare, aka kira wayarta, ta zo da tocila da kwalabe biyu, ta raka shi asibiti da kanta.

Sai dai wurin yana da naƙasu, kuma ba daga gare ta ba ne. Kabad ɗin magani rabinsa wayam. Sau da yawa takarda za ta rubuta maka ka nufi kantin magani a unguwar Domayo. Gado ɗaya ne, labulensa ya yage, budurwa ba ta iya faɗin damuwarta ba tare da na kan benci sun ji ba, shi ya sa Dada kan ce kowa ya matsa can nesa. Ana rufewa kafin la'asar, Asabar da Lahadi kuwa a kulle. A zafin Afrilu fanka ɗaya ce, in akwai wuta.

Wanda zai je, ya je da sassafe da littafinsa na asibiti da 'yan canji a aljihu. Dada ta faɗa mini ritayarta ta kusa. Na tambaye ta wa zai karɓa, ta ɗaga kafaɗa, ta kira na gaba. Tun zamaninmu ban taɓa ganin nas ta biyu a ɗakin ba.