Kwamfutar gida mai katin zane ko kwamfutar ƙwararru?

Ɗan'uwa, tunda zanen gine-gine a manhajar Blender da tace bidiyo ka sa a gaba, ka sayi kwamfutar gida mai katin GeForce, wato katin sarrafa hoto na kamfanin Nvidia, ka fi mayar da hankali kan yawan ƙwaƙwalwar katin, domin idan zane ya fi ƙarfinta aikin yakan tsaya cak ko ya koma tafiyar hawainiya.

Ni da katin GeForce RTX 3060 nake aiki, wanda Nvidia ta fitar a 2021 da ƙwaƙwalwa gigabait 12, kuma har yanzu bai ba ni kunya ba. Akwai wani falo da na zana mai labule masu kauri da tagogin gilashi. Da na kunna OptiX, fasahar Nvidia mai hanzarta lissafin haske a Blender, sai ga hasken rana ya ratso gilashin ya kwanta a kan darduma har ana ganin zaren saƙarta, ni kuwa ina juya kyamara ina sauya launin bango ba tare da dogon jira ba. Mai koyo yana bukatar irin wannan saurin, saboda da yawan gwaji hannu yake faɗawa.

Kwamfutocin ƙwararru irin su Dell Precision da HP Z ba a raina su, amma kuɗin da suka ɗara na ƙwaƙwalwar ECC ce mai gyara kuskure da kanta, da direbobin kati, wato manhajojin da suke sarrafa shi, da aka tantance domin manhajojin injiniyoyi irin su SolidWorks da CATIA. Katin ƙwararru RTX A6000 na 2020 yana da gigabait 48, sai dai guntun lissafinsa, GA102, shi ne a cikin katin gida RTX 3090. Injiniyan kamfani ne yake cin moriyar wannan bambanci, kai ba za ka gan shi a aikinka ba.

Ka yi hattara da 'yan kasuwar da suke ɗora wa tsohuwar kwamfuta kuɗi don kawai tana ɗauke da sunan Quadro, tsohon sunan katunan ƙwararru na Nvidia, alhali katin ciki irin K2000 ne na 2013 mai gigabait 2. Wasu kuma sukan sauya wa tsohon kati suna a manhajarsa, ko su goge katunan da suka gaji da haƙar kuɗin intanet na Ethereum kafin a daina haƙarsa a 2022 su ce sababbi ne. Kada ka biya sai an buɗe GPU-Z, manhajar da take nuna bayanan kati, a gabanka, an sa katin aiki mai nauyi, ka duba zafinsa, ka saurari fankarsa.