Abin da kuɗin tikiti ke saya a filin tseren takalmin taya na Amurka

Zuwa ga 'yan'uwa da abokan arziki a gida, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya.

Kun sha tambayata farashin haya da abinci da kuɗin asibiti a nan Chikago, amma wannan karon zan yi muku bayanin wata haja da Amurkawa suka ƙware wajen sayarwa, wato kallo. Na zaɓi wasan da suke kira Roller Derby, wanda ake yi a kan takalmi mai taya huɗu, saboda a wannan birni aka ƙirƙiro shi, kuma saboda tarihinsa ya nuna yadda mutum zai biya kuɗin kallon gasa, a miƙa masa wasan kwaikwayo ba tare da an gaya masa ba.

Wani ɗan kasuwa mai suna Leo Seltzer ne ya fara shirya shi a ranar 13 ga Agusta, 1935, a babban zauren Chicago Coliseum, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, aikin yi ya zama sai mai rabo. A farkon lamari tseren juriya ne kawai. An haɗa 'yan wasa bibbiyu, mace da namiji, har rukuni 25, aka ce su yi ta zagaye fili kusan sau 57,000, wanda aka lissafa daidai da ƙetare ƙasar daga gabas zuwa yamma, ga kuma wata babbar taswira mai fitilu da ke nuna garin da kowane rukuni ya kai a lissafi. Sun shafe fiye da wata guda suna wannan zagaye, a zauren suke kwana, a nan ake ciyar da su, kuma ga da yawa daga cikinsu abincin da makwancin su ne babban abin da ya kawo su. A wancan lokaci ba a ɓoye wa mai kallo komai ba, domin gajiyar da yake gani ta gaske ce.

Sai dai zagaye ba ya riƙe 'yan kallo har abada. Masu shirya wasan sun lura cewa ihu ya fi tashi idan 'yan wasa suka yi karo, wani ya kife a ƙasa, kuma wajen 1937, bisa shawarar wani marubucin labarin wasanni mai suna Damon Runyon, aka sake fasalin abin gaba ɗaya. Aka koma ƙungiya biyu, kowace da mutum biyar a fili, ana samun maki idan ɗan wasa ya zagayo ya wuce abokan hamayya, kuma aka halatta tare hanya da bangaza. Maza su yi nasu zangon, mata su yi nasu da doka iri ɗaya, a haɗa makin, abin da ba a saba gani ba a wasannin wancan zamani. Da talabijin ya ɗauki wasan daga Niyok a watan Nuwamba na 1948, sai sunansa ya shiga gidajen da ba su taɓa taka zauren wasa ba.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba, domin a nan tushen matsalar yake. Ƙungiyoyin da ke karawa duka na kamfani ɗaya ne, shi ke biyan albashin kowa, shi ke ɗaukar alƙalan wasa, shi ke raba 'yan wasa yadda ya ga dama, kamar mai shago guda da ya buɗe rumfa biyu a bakin kasuwa yana nuna wa jama'a wai gasar farashi suke yi. Lokacin da Jerry Seltzer ya karɓi ragama daga mahaifinsa a ƙarshen shekarun 1950, ya mayar da cibiyar harkar yankin San Faransisko, yana naɗar wasannin ƙungiyar Bay Bombers a faifan bidiyo yana aika wa tashoshin talabijin fiye da 100, sannan ya ɗora filin katako mai gangare da ake tsere a kansa a manyan motoci yana bin garuruwan da suka riga suka san 'yan wasan a akwatin talabijin. Dabara ce ta kasuwanci da ta cancanci yabo. Amma mai irin wannan jari ba zai so gwanayen jama'a su sha kashi tun wasa bai yi nisa ba, saboda haka aka raba wa 'yan wasa matsayi. Joan Weston ita ce jarumar da kowa ke so, Ann Calvello kuma, mai rina gashinta launi-launi, ita ce wadda ake biyan kuɗi domin a yi mata ihu. Gudun na gaske ne, karayar ƙashi ma ta gaske ce, amma yawancin faɗace-faɗacen da ake barin tsere a tsaya a yi, da gabar da ake ja daga mako zuwa mako, shiryayyun abubuwa ne.

A Los Anjalis kuwa wani kamfani dabam, Roller Games na Bill Griffiths, mai ƙungiyar Thunderbirds, ya zarce haka nesa ba kusa ba, har wasan nasa ya fi kama da resilin ɗin da matasanmu ke taruwa kallo a gidajen kallo. Na ɗan lokaci cinikin ya yi kyau, domin a ranar 15 ga Satumba, 1972, mutum 50,118 ne suka cika filin Comiskey Park a nan Chikago. Shekara guda da 'yan watanni bayan wannan taro, a Disamban 1973, Jerry Seltzer ya rufe kamfaninsa, yana kuka da tsadar man fetur da ta sa yawo da motoci ya gagara. Ni dai a ganina man fetur ya ƙarasa abin da ya riga ya raunana ne, domin jaridu sun daɗe da daina ɗaukar sakamakon wasan da muhimmanci, kuma wanda ya gane cewa an san mai nasara tun kafin a busa usur ba ya dawowa sai an ƙara masa wani abin mamaki. Haka aka yi ta ƙari har aka kai ga shirin talabijin na 1989, inda aka tanadi rami mai kadoji a gefen fili, shirin da bai wuce zango ɗaya ba. A wannan shekarar ce kuma babban kamfanin resilin na ƙasar ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne ba gasa ba, domin ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni, wanda ya isa amsa ga masu gardamar ko dukan nan na gaske ne.

Idan na kwatanta da abin da muke da shi, sai in ga cewa mu ma ba mu raba gasa da ado ba. A filin dambe akwai kiɗa da kirari da tsuma, a kokawar takobi ta Nijar, wadda ake yi tun 1975, akwai layu da makaɗa da tawagar kowace jiha, kuma duk wannan kallo ne da ake shiryawa. Bambancin shi ne adon yana tsayawa a bakin da'ira, kuma idan aka sa zare ko aka kama kokawa babu wanda ya san wanda zai kai ƙasa, ga shi kuma kowane ɗan wasa yana da garin da zai koma ya haɗa ido da mutanensa. Wannan rashin sani shi ne ainihin abin da ɗan kallo ke biya wa kuɗi, kuma shi ne kamfanonin nan suka cire daga hajarsu.

Wasan da ake yi yanzu wani abu ne dabam. Mata ne suka farfaɗo da shi a birnin Austin na jihar Teksas a farkon shekarun 2000, suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya mai suna WFTDA wadda 'yan wasan da kansu ke gudanarwa, kuma suka bar filin katako mai tsada suka koma daɓe. A zauren da nake zuwa kallo, igiya ake shimfiɗawa a ƙasa a bi ta da salatif, yadda 'yar wasa za ta ji iyakar fili a ƙarƙashin tayarta ko da ba ta duba ba. Ana yin zango biyu na minti 30, kowace karawa ba ta wuce minti 2, mai neman maki tana da tauraro a hular kwanonta, wadda ta yi laifi kuma ta zauna a benci na daƙiƙa 30. Alƙalai suna da yawa, ma'aikatan jinya suna zaune a gefe tun kafin a fara, kuma ba a barin kowa ya shiga sai da hular kwano da robar kare haƙora da matasan gwiwa da na gwiwar hannu da na wuyan hannu. Ta fuskar tsaron lafiyar ɗan wasa sun yi mana fintinkau, kuma ina fata masu shirya dambe su duba wannan.

Tikitin yana da sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da na ƙwallon kwando, amma sauƙin yana da dalili. Kusan babu mai cin abinci da wasan, 'yan wasan ne ma ke biyan kuɗin wata-wata da na inshora, su sayi kayansu, kuma sau da yawa su ne ke jera kujeru su tsaya a ƙofa. Zauren ma ba ya cika kamar na 1972. Wato dai a da ana biyan ɗan wasa albashi a kan gasar da ba a sake mata mara ba, yanzu kuma gasar ta gaske ce amma albashin ya tafi.

Game da waɗanda suka ce in aiko musu da takalman, sabon takalmin mai koyo yakan haura dala 100, kafin a zo kan kayan kariya, kuma tayoyinsa an yi su ne domin daɓe mai santsi na cikin zaure. A kan kwaltarmu mai tsakuwa da rairayi ba za su yi ƙarko ba. Wanda yake son na yawo a titi, irin mai jerin taya a layi ɗaya da yara ke samu a wajen 'yan gwanjo ya fi dacewa da shi, kuma in har zan aiko da wani abu daga nan, hular kwano da matasan gwiwa ne, domin su ne ban cika gani a jikin yaran da ke kama bayan mota suna gudu ba.