Madaurin ƙirji na Polar H10 a zafin bazarar Kano

Na sayi wannan madauri ne a ƙarshen watan Fabrairu, lokacin da hunturu ya fara ja da baya, saboda agogon da nake auna bugun zuciya da shi ya daina gamsar da ni. Da zarar gumi ya jiƙa wuyan hannuna sai lambar ta riƙa tsalle, wani lokaci ma ta koma bin takun ƙafata. Agogo haske yake cusawa cikin fata domin ya gano gudanar jini, shi kuwa madaurin yana karanta siginar lantarkin da zuciya ke fitarwa, kamar yadda na'urar asibiti take yi. Kamfanin Polar na ƙasar Finland ne ya fito da shi a 2017, kuma har yanzu masu gudu da dama da shi suke gwada sahihancin sauran na'urori.

Ina fita sassarfa bayan sallar asuba, sau huɗu a mako, a kewayen filin sukuwa. Shekaruna 42, don haka na ɗauki lissafin Phil Maffetone, wani mai horar da masu gudu, na cire shekarun mutum daga 180, na tsayar wa kaina iyakar bugu 138 a minti ɗaya. A farkon Maris ina riƙe wannan iyaka cikin sauƙi, ina gama kilomita a minti shida da rabi. Da Afrilu ya shigo, ranakun da zafin rana ke kaiwa digiri 40 kuma ɗaki ba ya hucewa har gari ya waye, sai na ga lambar tana hawa a hankali bayan minti ashirin, daga 136 zuwa 145 har ta haura 150, alhali ban ƙara sauri ko kaɗan ba. Dalilin a bayyane yake: jiki yana tura jini zuwa fata domin ya fitar da zafi, gumi kuma yana rage ruwan da ke cikin jini, saboda haka dole zuciya ta ƙara yawan bugu kafin ta kai wa tsokoki abin da suke buƙata.

A nan ne madaurin ya biya kuɗinsa. Tun da na amince da lambar da yake ba ni, na daina yi mata gardama. Idan ta haura iyaka nakan rage sauri, idan ta ƙi sauka in koma tafiya na minti ɗaya a inuwar darbejiya, in kurɓi ruwa, sannan in ci gaba. Da farko abin ya yi mini nauyi, domin ba daɗi mutum ya ga waɗanda ya saba wucewa suna wuce shi, amma bayan kamar mako biyu jikina ya saba da zafin, kuma na daina wuni da ciwon kai a wurin aiki.

Madaurin ba shi da fuskar nuna lamba, sai an haɗa shi da waya ko agogo ta Bluetooth ko ANT+ (wata hanyar haɗa na'urori mai kama da Bluetooth), kodayake yana iya ajiye bayanan fita ɗaya a cikinsa. Batirinsa ƙaramin CR2025 ne, wanda kamfanin ya ce yana kai kimanin awa 400. Wajibi ne a jiƙa cikin madaurin da ruwa kafin a ɗaura, musamman a busasshiyar iska irin tamu, a kuma ɗauraye shi bayan an dawo, saboda gishirin gumi yana taruwa ya yi fari a jikinsa.

Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma wanda yake fita sau ɗaya a mako zai iya wadatuwa da gwajin magana, wato idan ba ya iya furta cikakkiyar jimla yana gudu, to ya rage sauri. Amma duk mai sassarfa a kai a kai daga Maris zuwa saukar damina, ina ba shi shawarar ya saya.