Hitar wanka marar tanki, bayan wata uku ina amfani da ita

Mu a Zariya muke, duk wanda ya san sanyin Disamba da Janairu a garin nan ya san wankan asuba sai an daure, ga yara uku 'yan makaranta ga Hajiyarmu da ko alwala bata iyawa da ruwan sanyi saboda kafa. Da uwargida ke tashi tun kafin kiran sallah ta dora tukunya a gas, in gas ya kare a koma gawayi, in akwai wuta kuma a tsoma hitar nan ta bokiti wadda har yau gabana faduwa yake in naga yaro ya doshi wajen. To wannan ne yasa na shiga kasuwa neman irin wadda ake makalawa a bangon bandaki, ruwa na bi ta cikinta yana fitowa da zafi, ba tanki ba jira.

Mai shagon ya jero min kala uku, mai kilowat 3.5 da mai 5.5 da mai 7. Ni dai kudi na duba na dauki karamar, yace Alhaji ai wannan ma ta isheka kana bude famfo shikenan. Girmanta bai kai jakar makarantar yaro ba, kuma gaskiya tana da kyau a bango.

Ranar da mai wayarin yazo ne na gane ashe kudin hitar somin tabi ne. Nace masa ga soket nan kusa da kofa a jona kawai, ya kalleni yace yallabai so kake gidan ya kama da wuta? Soket din gida amfiya 13 yake dauka, ita kuma wannan tana jan wajen 15, mai 5.5 din ma har 24 take kaiwa. Dole ya jawo mata waya mai kauri 4mm ita kadai tun daga akwatin wuta, ya sa mata birekarta daban irin mai tsinkewa da zarar wuta ta fara zurarewa, sannan ya duba ya tarar wayar at din gidan, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin kasa, ita ma ado ce kawai bata kai kasa ba, sai da aka haka rami aka binne karfe. Na ji zafin kudin nan wallahi amma ruwa da lantarki ne a daki daya kuma mutum ba takalmi, ban yi musu ba.

An gama aka bude shawa, shiru, 'yar fitilarta ta kawo ta dauke ta kawo ta dauke. Ashe sai ruwa ya taho da karfi take tashi, tankinmu na sama kuma dan tsayinsa bai taka kara ya karya ba, da kyar ya dara rufin bandakin. Fulamba yace ko a daga tankin ko a sa karamin famfo mai tura ruwa, na zabi na biyun, wani kudin kenan. Akwai masu zuwa da nasu famfon a ciki, da na sani tun farko ita zan dauka.

Zafin kuma fa? Anan ne nake so mai shirin saye ya natsu. Mai 3.5 abin da take iyawa shi ne ta kara wa kamar lita biyu da rabi zafin digiri 20 a minti daya, iyakarta kenan ko me aka rubuta a kwali. Da rana ko lokacin da gari ya dan saki lafiya lau, har sai ka sirka. Amma da asuba ruwan da ya kwana a tanki cikin hazo kamar kankara, in ka bude famfo sosai dumi dumi zai zo, sai ka rage shi yana zubowa siriri kafin kaji zafi na gaske, bokiti mai lita 20 sai ya ci minti takwas. In kuma aka kawo lo karan to ka manta, ranar da na ga mita na nuna 180 maimakon 230 ruwan ko jariri ba zai ce yaji zafi ba, don karfinta kusan kashi 40 cikin dari ke zubewa.

Wajen cin yunit kam ta burgeni, ban zata ba. Wankan minti goma yunit daya ma baya kaiwa, rabi da dan wani abu ne, mu shida a rana bai fi uku da rabi ba, kuma ba kamar mai tanki ba da zaka manta ta a kunne tana ta dafa ruwan da ba wanda zai yi wanka da shi. Sai dai mai tankin tana da nata amfanin, in aka kawo wuta cikin dare ta dafa ta ajiye maka. Wannan ana daukewa ruwan ke komawa sanyi kana tsaka da sabulu a ido, ya faru dani sau biyu. Karamin janareta baya daukarta, inbata kuma kada ma ka gwada, batir zata kwashe.

Makwabcina hita mai aiki da gas ya sa, shi ba ruwansa da wuta, amma a waje ya makala ta don hayakinta baya wari kuma yana kisa a rufaffen bandaki.

Ruwanmu na bohol ne, wata biyu kan shawar ya fara toshewa da farin abu, na jika shi a ruwan lemun tsami ya bude. In zan sake saye mai 5.5 zan dauka mai famfo a ciki, kuma sai na kai mai wayarin ya duba gidan kafin in biya ko sisi. Wannan din maki uku cikin biyar na ba ta. Hajiya dai tana jin dadinta wajen alwala, tukunyar ruwan zafin kuma uwargida ta ki yarda a mayar da ita sito, tana nan bayan kofar kicin.